Gidan da Malume Ya Gina

Ezibeleni, Komani
9 ga Maris, 2009

Phathiswa, 'yar ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da 'yarki Liyema. Ni ina nan yadda kika san ni. Gwiwar hagu tana faɗa mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa, kunnuwa kuwa tun da na bar su a ramin zinariya ba su biyo ni gida ba. Saboda haka ki daina ɓata kuɗinki kina kiran wayar maƙwabciyata MaDlomo. Ran nan da ta miƙo mini ita ta kan katanga, ni ina ta "iye? iye?", ita kuwa ta kwashe labarinki tas ta kai coci. Ki riƙa rubutowa, idona da sauransa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na yanke shawarar komawa ƙauye, can Cala, kusa da inda muka kwantar da matata Nosayini. Gidan nan ya yi mini yawa. 'Yata da ke Durban ta ce ba ta so, wai mijinta ba zai zauna a garin da sanyi ke daskarar da famfo ba. Ndzube mai motocin haya ya zo har sau biyu, kuɗi a hannu, amma na san abin da yake nufi. Zai yanyanka shi ɗaki-ɗaki ya zuba 'yan kwaleji, falon da Nosayini ta sha gogewa a durƙushe a raba shi uku da katako. Na ce masa ya jira zuwa ƙarshen sanyi.

Na ji an ce za a mayar da ke asibitin Komani a sabuwar shekara. Ni da marigayiya uwarki 'ya'yan wa da ƙane ne, amma tukunya ɗaya ta raine mu, shi ya sa kike ce mini Malume, wato kawu, kuma ba ni da wanda nake so ya riƙe makullin nan sai ke. Ba kyauta zan ba ki ba, don ina buƙatar abin da zan yi ɗaki biyu a ƙauye in sayi 'yan tumaki, amma zan bar miki ƙasa da abin da Ndzube ya taya. Ku ma'aikatan jinya ai banki yana jin maganarku.

Kin san gidan. Shekara goma sha shida ina gina shi, duk hutun Disamba, sai shekara uku da suka wuce na ɗora kwano na ƙarshe. Babu bulo ɗaya a cikinsa da bai bi ta hannuna ba. Je ki dubi gidajen 'yan kwangila na bayan tasha, waɗanda yaro ke jingina da bango filasta ta biyo rigarsa, sannan ki zo ki dubi nawa.

Abu ɗaya ne ke damuna: ɗaki huɗu, mace ɗaya da yarinya. Wai duk mazan Kimberley makafi ne? Ki faɗa mini gaskiya ko akwai wani, in fara goge kwat ɗina tun asu bai gama da ita ba.

Malumenki,
Velile Mateza


Kimberley
2 ga Afrilu, 2009

Zuwa ga Malume,

Na gaishe ka da girmamawa. Muna lafiya, sai ɗan tari da Liyema ta kwaso a makaranta, ya ma tafi. Ka riƙa ɗaure gwiwar nan da tsumma mai ɗumi, ka kuma daina hawa tsani, na san ka.

Malume, a tashar mota na karanta takardarka na yi ta kuka, har wata mata ta tambaye ni wa ya rasu. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a ɗakin bayan gidan mutane, ina bin layin banɗaki da 'yan haya. Liyema ba ta taɓa samun ƙofar da za ta rufe ta ce tata ce ba. Ina so, Malume. Ina so ƙwarai.

Na je banki. Sun duba albashina sun ce za su ba ni bashin sayen gida, in biya a hankali cikin shekara ashirin. Matar da ke kan teburin ta tambaye ni wane kamfani ne ya gina gidan, na ce mata ba kamfani ba ne, kawuna ne da hannunsa, har na ba ta labarin lokacin da nake 'yar shekara goma sha tara ina miƙa maka bulo. Akwai sauran 'yan takardu, amma ina bin su.

Sai kuma wata magana da bakina ya yi nauyi a kanta. Wani mutum zai zo wurinka a kan maganata, ranar Asabar ta ƙarshen watan nan, da safe. Sunansa Sobekwa, mutumin kirki ne mai ladabi, ɗan wajen Cofimvaba. Don Allah ka karɓe shi da kyau, ka saurari abin da ya kawo shi. Kunya ta hana ni rubuta sauran a takarda, shi zai yi maka bayani.

'Yarka,
Phathiswa


Ezibeleni
15 ga Afrilu, 2009

Phathiswa,

Lafiya lau, gwiwar ma ta ji labari ta saki. Ashe dai akwai mai ido a ƙasar nan! Ba sai kin rubuta sauran ba, yarinya mai tarbiyya ba ta faɗin irin wannan da bakinta, kuma ni ba jiya aka haife ni ba. Mutanen Sobekwa na Cofimvaba na san su, masu shanu ne, ba sa wasa da al'ada.

Tun da ubanki ba ya raye, ni ne zan zauna a kujerar. Na aika wa yayana Mqikela da dattawa biyu na danginmu, duk za su zo. Na sayi rago. MaDlomo ta ɗauki nauyin girki da giyar dawa, don haka ki sani duk unguwa ta ji. Kada ki damu, ba za mu tsauwala musu a kan shanun aure ba, amma ba za mu bayar da ma'aikaciyar jinya a arha ba. Uwarki ce kawai nake ta tunawa, da tana nan da ba ta zauna ba.

Malumenki


Ezibeleni
28 ga Afrilu, 2009

Phathiswa,

Ina fatan kina lafiya. Ni ban san abin da zan ce game da tawa lafiyar ba, jiki dai yana nan.

Zan faɗa miki yadda aka yi, don gara ki ji daga wurina kafin ki ji daga bakin coci. Ranar Asabar tun da sassafe muka shirya. Mqikela ya zo da kwat ɗin da ya yi aure da ita, dattawan nan biyu da sandunansu, muka jeru a falo. Mata suna baya suna dafa masara da wake. Ragon kuwa na riga na sa an yanka, don ban ga abin jira ba.

Da hantsi wata farar a-kori-kura ta tsaya, da tsani a samanta. Saurayi ɗaya ya fito, da takalman aiki. Mqikela ya leƙa ta labule ya ce yaran zamani ke nan, an aiko mutum ɗaya neman aure kamar za a sayi burodi, amma a bar shi ya tsaya a ƙofa yadda aka saba, har sai ya kira kirarin danginmu. Muka bar shi. Ya yi ta sallama, muka yi kamar ba mu ji ba, ni kam da gaske ban ji ba. Da ya gaji sai ya fara bin shinge yana kallon bangon gida, yana ɗaukar hoto, har da durƙusawa. Mqikela ya ce wannan ɗan wayo ne, yana auna arzikin surukai. Mun yi dariya, Phathiswa. Ni na fi kowa dariya.

Daga ƙarshe Mqikela ya fita ya shigo da shi, aka zaunar da shi a ɗan benci kusa da ƙofa. Aka tambaye shi ɗan wane ne, ya faɗa. Aka tambaye shi shanu nawa ya gani a gidan nan da har suka ja hankalinsa. Yaron ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi kwat ɗinmu, na ga gumi ya karyo masa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa. Na ga fuskar Mqikela ta canja, amma ni ban ji ba, sai na ce ya ɗaga murya. Ya maimaita, ban ji ba. Na ce masa namiji ne shi ko kuwa, ya yi magana yadda za a ji. Sai ya buɗe murya ya kira ni Tata, wato baba, har matan da ke bakin murhu suka ji:

"Tata, ni injiniya ne. Sista Phathiswa ce ta aiko ni in duba ko ginin nan yana da ƙwari, saboda banki."

Ban taɓa sanin falona yana da girma haka ba sai da shiru ya cika shi. MaDlomo tana tsaye a ƙofar kicin da tiren kofuna, ta juya da shi a hankali ta koma.

Baƙo dai baƙo ne, kuma rago ya riga ya mutu. Muka ba shi abinci, ya ci kansa a sunkuye kamar wanda ake wa hukunci. Ya so ya tafi, na ce a'a, aikin da ya kawo shi sai ya yi shi a gaban kowa. Ya hau cikin silin da fitila. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da 'yar guduma. A kicin ya sami 'yar tsagar nan ta bayan kabad, wadda nake shafe ta duk shekara, ya tura kwabo a ciki, kwabon ya shige. Ya ce rufi da bango ya gani, amma ba zai sa hannu a komai ba sai an haƙa rami uku a jikin gidan ya ga harsashin da idonsa. Na ce masa ba mai haƙa mini gida ina raye.

Yanzu in na fita sayen burodi sai a tambaye ni yaushe ne bikin. Yaran tasha suna ce mini surukin tsani. Mqikela ya tafi bai yi mini sallama ba, ya ce na sa ya yi asarar kuɗin mota don ya zo ya ga ana duba haƙoran gidana kamar tsohon doki. Ban je coci ba ranar Lahadi.

Dariyar mutane zan iya ɗauka, na ɗauki abin da ya fi ta nauyi. Abin da ya tsaya mini a wuya biyu ne. Na ɗaya, kin zaci zan sayar miki da abin da zai faɗo wa Liyema a ka. Na biyu, kin ɓoye mini. Da kin rubuta a fili, da na yi fushina ni kaɗai a ɗaki, in huce, ba wanda ya sani.

Velile Mateza


Kimberley
6 ga Mayu, 2009

Malume,

Na durƙusa ina gaishe ka, in har za ka amsa. Lafiyar jiki muna da ita.

Takardarka ta murna ba ta iso ba sai ranar Litinin, bayan an riga an yi komai. Na karanta maganar rago a ɗakin canja kaya na asibiti, na zauna na sake karantawa. Da ta biyun ta zo na ajiye ta a ƙarƙashin matashi, sai da na kwana biyu kafin na iya buɗewa. Sobekwa ma ya kira ni, ya ce a duk aikinsa ba a taɓa yi masa tarba irin wannan ba, kuma ba ya fatan a sake.

Ga abin da ya kamata in rubuta tun farko. Da na ce wa matar bankin kai ka gina gidan, ina ta washe baki, sai ta ajiye biro. Ta ce gidan da magini mai rajista ya gina yana zuwa da takardar garanti, wadda ta ce in harsashi ko bango ya ba da matsala cikin shekara biyar akwai mai gyarawa. Ta ce naka bai cika shekara biyar da gamawa ba, kuma ba shi da wannan takarda, su kuwa ba sa ba da bashi a kan gidan da ba wanda ya tsaya masa. Hanya ɗaya ta rage, injiniya ya duba shi tun daga ƙasa ya sa hannu. Na ce mata ai ba ta san kawuna ba ne. Ta ce ita ma tana da kawu.

Ban taɓa shakkar gininka ba, Allah ya sani. Amma na zauna in rubuta "Malume, banki bai yarda da hannunka ba," na kasa. Na rubuta na yage, na sake rubutawa na yage. Kai da ka ɗauki uwata cikin gidan nan lokacin da ciwo ya ci ƙarfinta, ka ba ta ɗakin da rana ke shiga, ni ce zan aiko a ƙwanƙwasa maka bango? Sai na yi dabarar matsorata, na ce bari namiji ya faɗa wa namiji. Ina ba marasa lafiya labarin da ya fi wannan muni kullum ba tare da muryata ta yi rawa ba, amma layi ɗaya zuwa gare ka ya gagare ni.

Akwai kuma abin da nake jin kunyarsa fiye da duka. Shekarata talatin da takwas. Ba a taɓa sa kwat saboda ni ba, ba a taɓa yanka ko kaza ba. Sau ɗaya da dattawan gidanmu suka taru don ni, sai ga shi don tsani ne. Da na karanta inda ka ce ba za ku bayar da ni a arha ba, na ji daɗi, Malume, ko da na san babu kowa. Wannan ya fi ci mini rai.

Kada ka bari a haƙa maka gida saboda ni. Ka sayar wa Ndzube, shi ba zai tambaye ka takarda ba. Zan nemi ɗakin haya a wani gefen gari inda ba a san ni ba. Kuɗin rago da na motar Malume Mqikela suna cikin ambulan ɗin nan. Ka yafe mini.

Phathiswa


Kimberley
1 ga Yuli, 2009

Malume,

Ina gaisuwa. Mun ji a rediyo ƙanƙara ta sauka a duwatsun wajenku, ina ta tunanin gwiwarka.

Ambulan ɗina ya dawo da kuɗin a ciki, babu ko layi ɗaya. Na fahimta, ban kuma ce ba ka da gaskiya ba. Na faɗa wa Liyema maganar gida ta mutu. Ba ta yi kuka ba, sai dai ta cire zanen ɗakinta da ta manna a bango. Ba gidan nake nema yanzu ba. Ka rubuto ko zagi ne, in san kana lafiya.

Phathiswa


Ezibeleni
19 ga Yuli, 2009

Phathiswa, 'yar ƙanwata,

Ina lafiya, sai bayana da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, za ki ji dalili. Kuɗinki na mayar ne don ni na sayi ragon da wautata, ba ke ba. Shirun kuwa, da farko fushi ne, daga baya ya zama wani abu.

Ndzube ya zo a watan jiya da wani mai awo. Ashe ba yanka ɗakuna kawai zai yi ba, bene zai ɗora a sama. Na ce masa wani injiniya ya ce sai an duba harsashi. Ya yi dariya ya shuri bango da takalmi, ya ce shi ba banki ba ne, 'yan kwaleji kuma ba su da nauyi, ba sa cin abinci. Na raka shi mota ina dariya tare da shi, amma maganar ta ƙi barina. 'Ya'yan mutane ne zai kwantar a saman nan.

Sai na ce bari in haƙa da kaina, ba don injiniya ba, don in rufe bakin kowa. Na ɗauki diga da shebur na fara ta gaba. Phathiswa, da kin gani! Harsashi har ƙuguna, kankare kamar jiya aka zuba. Na kira MaDlomo ta leƙo ta katanga, na ce ta je ta faɗa a coci tun da ita ce jarida. Na haƙa na gefen ɗakin uwarki, shi ma haka. Har waƙa nake yi.

Sai na zo bayan kicin. Shebur uku na kwasa na ga ƙarshen kankaren. Na zaci idona ne, na sa hannu na shafa. Bai kai daga yatsana zuwa gwiwar hannu ba, a ƙarƙashinsa kuma laka ce zalla, irin wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani. A kan wannan Nosayini ta tsaya tana girki. A kan wannan na ɗora tankin ruwa.

Na zauna a bakin ramin na tuna. Wannan gefen gayya na kira aka yi shi, a Disambar da hutuna ya yi gajere. Mqikela ne ya ja mutane. Giya ta iso tun kafin rana ta take, ni ina baya ina fama da nama, da na zagayo har sun zuba kankare suna wanke shebur, suna cewa ƙasar ta yi tauri, ta isa haka. Na gode musu, na cika musu kofuna. Ba na ɗora wa kowa. Ni na kira su, ni kuma na ɗora bango a kai ban duba ba, na yi shekaru ina zagin 'yan kwangila.

Ba zan ɓoye miki ba, na ɗebi ƙasa a shebur zan mayar. Ba wanda ya ga wannan ramin, yana bayan gida. Ndzube zai biya, in tafi Cala da sunana. Na riƙe shebur ɗin har hannuna ya gaji, na zubar a gefe.

Na faɗa wa Ndzube. Ya ce ba komai, sai dai in rage masa kuɗi. Na nuna masa ƙofa. Daga nan na sa hulata na hau mota zuwa ofishin yaron nan Sobekwa. Da ya gan ni ya miƙe tsaye har ya ture kujera, ina jin ya zaci wani ragon na yanka. Na ce masa, da ƙarfi yadda ma'aikatansa za su ji, tun da ni ma a gaban mutane na ƙi maganarsa: "Ɗana, kai ne da gaskiya. Zo ka gani."

Ya zo ya gani. Bai ce "ai na faɗa" ba, wannan ya ƙara mini kunya. Ya ce yana gyaruwa. Za a riƙa haƙa ƙarƙashin bangon kaɗan-kaɗan, a sa rodi a zuba kankare, a bari ya kama, sannan a matsa gaba. In an gama ya ga ya yi, zai sa hannu.

Kin ce ba ki taɓa shakkar ginina ba. Da ma kin yi. Ki koma wurin matar nan mai kawu ki roƙe ta lokaci. Gidan naki ne in har kina son sa bayan abin da na faɗa miki.

Malumenki


Kimberley
30 ga Yuli, 2009

Malume,

Na gaishe ka, na kuma gode wa Allah da na ga rubutunka. Muna lafiya.

Ina son sa. Na je bankin, sun ba mu zuwa ƙarshen Oktoba, suka ce in takardar ba ta zo daidai ba a lokacin sai a sake komai daga farko, kuma ba su yi alkawarin amsa ɗaya ba. Siminti da rodi ni zan saya, kada ka mayar mini da wannan. Ka ɗauki leburori, don Allah, shekararka saba'in da ɗaya. Ban san yadda zan haɗa ido da kai ba in na zo, amma zan zo.

'Yarka,
Phathiswa


Ezibeleni
14 ga Oktoba, 2009

Phathiswa, 'yar ƙanwata,

Gaisuwa gare ki da Liyema. Ina lafiya, na rame, wandona sai da igiya, amma ina cin abinci kamar saurayi.

An gama. Leburori biyu na ɗauka don kada ki yi mini faɗa, amma ni ne a cikin rami. Labari ya kai wa Mqikela, sai ga shi wata safiya da tsohon shebur ɗinsa a kafaɗa, ba kwat. Ya leƙa ramin ya daɗe, sannan ya cire takalmi ya shiga. MaDlomo ta ce ba mai ganin ko ɗigon giya sai an zuba baro na ƙarshe, ta kuwa tsare ƙofa. Sobekwa yana zuwa yana auna kowane rami da sandarsa, sau biyu ya sa na ƙara zurfi. Yaron da na girmi ubansa yana cewa "Tata, ƙara kaɗan," ni kuma ina cewa to. Masu wucewa sun gaji da tsokana, wasu ma sun fara tambaya a ɓoye nawa yake karɓa ya duba nasu.

Jiya ya kawo takardar, ga ta nan a cikin ambulan. Na sa tabarau na karanta ta tun daga sama. Ya rubuta harsashi ya yi, bango ya yi, katakon rufi ya ce ya fi abin da ake buƙata. Ga sunansa, ga lambarsa, ga hatiminsa. Sai na zo wani layi da aka ce sunan magini. A gabansa ya rubuta: babu.

Na nuna masa da yatsa na ce ya yi mantuwa. Ya ce ba mantuwa ba ce, wurin na magini mai rajista ne, da suna da lamba ake cikewa. Na ce, "To ga ni tsaye a gabanka." Ya sunkuyar da kai ya ce in ina so zai rubuta sunana, amma suna ba lamba zai sa su dawo da takardar su yi ta tambayoyi, Oktoba kuma ta kusa ƙarewa. Ya miƙo mini biro ya ce in zaɓa.

Na fita na zagaya gidan sau ɗaya, ina dafa bango. Na dawo na mayar masa da bironsa.

Ki kai musu ita yadda take. Kada ki ƙara komai, kada ki tsaya ba su labarin bulo da Disamba. In matar bankin ta nuna miki layin nan ta tambaye ki ko haka ne, ki ce haka ne, ki sa hannu.

Malumenki,
Velile Mateza